Almakashin da Ke Cikin Ƙwayar Ido

Duk wanda Afolo ta taɓa kamawa ya san azabarta: ido ya yi jajawur kamar garwashi, kwantsa ta liƙe shi da asuba, kafin mako ya zagayo ta bi gidan kaf. A Ghana aka fara ganinta a 1969, kuma har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar bairos ɗin da ke kawo ta. Sai dai a lallaɓa idon har ta wuce.

Abin da ya sa bairos ke da wuyar sha'ani shi ne ba ya iya hayayyafa da kansa. Ɗauki shagon tela ana gab da sallah. Yaran shago ba sa tambaya, duk takardar awon da suka tarar kan tebur ita za su ɗinka. Sai wani baƙo ya faki ido ya cusa tasa takardar a cikin tarin. Yara su duƙufa suna ɗinka masa kaya da yadin maigida, da zarensa, da kekensa, aikin masu shago kuma ya tsaya. Haka bairos ke yi wa ƙwayoyin halittar ido, takardar tasa kuwa ita ce RNA.

A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka gano cewa shagon yana da mai tsaro riƙe da almakashi, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 2006. Idan aka miƙa masa ɗan guntun RNA mai harafi 21 ko kusa da haka, wanda ya dace da rubutun baƙon, zai bi takardun ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi daidai ya datse ta. Takardun maigida ba ruwansa da su. Wannan zaɓen shi ya fi burge ni.

A ɗakin gwaji dabarar ta rage hayayyafar bairos ɗin Afolo. Kai ta cikin idon mutum ne jidali. Hawaye na wanke ɗigon magani cikin mintuna, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke narkar da RNA. Shi ma baƙon yakan sauya rubutu. Maganin farko na wannan fanni, patisiran, sai a 2018 ya samu izini, kuma ba na ido ba ne.

Kafin na ido ya iso, don Allah a daina ɗiga ruwan sukari ko fitsari a idon yaro. A wanke hannu da sabulu, kowa ya riƙe tawul ɗinsa, in gani ya fara dishi-dishi a garzaya asibiti.