Windows biyu a kwamfuta ɗaya: kutse ne ko tsohon suna?

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu laftof suka yi ta tururuwa shagunan gyara a yi musu fomat a ɗora Windows 11. Daga nan wata jita-jita ta kunno kai. Mutum ya koma gida ya kunna na'urarsa, sai allo ya tare shi da Windows biyu masu suna iri ɗaya, wai ya zaɓa, ana ƙirga masa daƙiƙa 30. Nan take sai ya ce an yi masa kutse, ko mai gyara ya dasa masa abin leƙen asiri. Wasu kuma sun haƙiƙance Windows biyun suna aiki a tare, sun raba ƙarfin kwamfutar gida biyu, shi ya sa take nauyi.

Wannan na ƙarshen ya fi ƙona mini rai, domin har daga bakin masu gyara na ji shi, kuma bayansa sai su karɓi kuɗin sake fomat.

Abin da ke kan allon nan jerin sunaye ne kawai. Tun zamanin Windows Vista, ana ajiye wannan jeri a wata rajista da ake kira BCD. A kwamfutocin yanzu tana zaune a wani ɗan ɓoyayyen yanki na faifai, sau da yawa bai wuce megabait 100 ba, ba shi da harafi irin na C, ba ka ganinsa idan ka buɗe fayilolinka. Aikinsa ɗaya ne: ya nuna wa kwamfuta inda Windows yake idan an kunna ta. Kamar allon kwatance ne a mararraba. Ka rushe gida ka gina sabo, allon da ke bakin titi bai san an yi ba, yana nan yana nuna tsohon. Ko rajistar makaranta: yaro ya bar aji tun bara, malam bai soke sunansa ba, kullum da safe ana kiransa, amma ba ya zama a benci, ba ya cin abincin kowa. Ko lambar abokinka da ka adana sau biyu a waya, ai bai zama mutum biyu ba.

Yadda abin ke faruwa ba wuya. Mai gyara yana sauri, ya share yankin C kaɗai ya bar ƙananan yankunan, ko ya ɗora sabon Windows a wani yanki dabam. Sabon ya rubuta sunansa a rajista, tsohon suna ya zauna. Haka ma idan an ƙara SSD aka bar tsohon faifai a ciki.

Kafin ka taɓa komai, gwada ɗayan sunan. Idan ya kai ka ga saƙon kuskure, gidan ya rushe, allo ne ya rage. Idan kuwa ya buɗe tsohon Windows da hotunanka da takardunka, to yana nan da ransa, yana cin wuri a faifai, ko da yake ba ya taɓa gudun kwamfuta muddin ba shi ka kunna ba. Kwashe kayanka tukuna. Sannan ka koma sabon Windows, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msconfig, ka shiga shafin Boot. Wanda aka rubuta Current OS a gabansa shi kake ciki. Mai da shi na dindindin, ka zaɓi ɗayan ka danna Delete. Ba ya cin minti biyu.

Akwai wani jerin da ya fi wannan taurin kai, wanda ke fitowa idan ka danna F9 a HP ko F12 a Dell lokacin kunnawa. Shi ba a faifai yake ba, a cikin ƙwaƙwalwar babban allon na'urar aka rubuta shi. Shi ya sa wanda ya taɓa gwada Ubuntu, wata manhaja madadin Windows, yake ganin sunan bayan ya cire shi da daɗewa. Ko fomat goma ka yi, yana iya zama daram, sai an cire shi daga saitin UEFI, wato saitin babban allon na'urar.

Inda ake tafka asarar gaske shi ne wajen masu ƙarfin hali. Mutum ya ga ɗan ɓoyayyen yankin nan na faifai, ya ɗauka shara ne ya goge, kwamfuta ta ƙi tashi sam, alhali Windows na nan lafiya, hanyar zuwa wurinsa ce ta ɓata. Idan kuma faifan a kulle yake da BitLocker, taɓa saitin kunnawa na iya sa ta nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda yawancin mutane ba su san suna da shi ba, balle su rubuta shi a takarda.

Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Cibiyoyin koyon kwamfuta na ba da satifiket a kan buga rubutu, ba a ware ko awa ɗaya a nuna wa ɗalibi yadda faifai ya kasu. Ofisoshi kuma na miƙa laftof cike da takardun jama'a ga duk wanda ya zo da filashi a aljihu, ba mai tambaya ko an kwafi bayanan kafin a share. Na taɓa ganin an yi wa wata laftof ta ofis fomat sau uku a kan suna ɗaya da ya maimaitu, a karo na ukun ne fayilolin shekara guda suka tafi.