Haɗa Kebul ɗin Sauti a Gida: Ilmin da ke Ciki da Kayan Aikin da Suka Dace

Da wuya a sami makarantar sakandare, ko masallacin Juma'a, ko zauren taro, da ba a taɓa jin lasifika tana wani irin gurnani ba, ko kuma muryar mai jawabi tana yankewa duk lokacin da ya motsa makirufo. Galibi akan ɗora laifin a kan amfilifaya, a kwashe ta a kai wa mai gyara, wani lokaci ma a kashe kuɗin makaranta wajen sayen sabuwa. Alhali kuwa sau da yawa matsalar tana cikin abin da ya fi kowane araha a cikin kayan, wato kebul ɗin da ya haɗa na'urorin. Ɗalibin da ya fahimci darasin lantarki na aji huɗu zai iya haɗa irin wannan kebul da hannunsa, kuma ya fi da yawa daga cikin na kasuwa ƙarko, muddin ya san aikin da kebul ɗin zai yi, ya kuma sami kayan aikin da suka dace.

Lantarkin da ke ɗauke da sauti ba ƙarfinsa ɗaya ba. Wanda ke fitowa daga makirufo mai rauni ne ƙwarai, bai wuce 'yan milibolt ba, kuma milibolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt. Wanda ke fitowa daga rediyo ko kwamfuta zuwa amfilifaya ya fi wannan ƙarfi, daga kamar sulusin bolt zuwa bolt ɗaya da ɗoriya. Amma wanda amfilifaya ke tura wa lasifika wani abu ne daban: domin a sami wat 100 a lasifika mai om 8, ana bukatar bolt 28 da amfiya 3.5. Saboda haka abin da ake tsoro a kebul ɗin makirufo shi ne shigowar hayaniya daga waje, abin da ake tsoro a na lasifika kuwa shi ne asarar ƙarfi a kan hanya. Wanda ya musanya su, ya ɓata duka biyun.

Daga ina gurnanin yake zuwa?

Wutar lantarkin da ake amfani da ita a Nijeriya da Nijar da Gana tana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Kowace wayar wuta, da taransifoma, da fanka, da janareta, suna baza tasirin wannan juyawa a kewayensu. Wayar da ke ɗauke da 'yan milibolt kuwa tana kama wannan tasiri kamar yadda eriya ke kama tasha, amfilifaya kuma ta haɓaka shi tare da muryar, domin ba ta iya bambance su. Wannan shi ne gurnanin.

Maganin farko shi ne garkuwa. Idan aka feɗe kebul ɗin sauti za a ga siririyar waya a tsakiya, sai roba, sai wata raga ta silin jan ƙarfe da ta lulluɓe su. Ragar nan ba ado ba ce. Tun a shekarar 1836 masanin Ingila Michael Faraday ya nuna cewa abin da aka kewaye da ƙarfe yana samun kariya daga tasirin lantarkin da ke waje. Ragar tana karɓe hayaniyar ta kai ta jikin na'ura. Gwargwadon cikar saƙar ragar, gwargwadon kariyar. Kebul ɗin da aka yi wa rowar sili, har ana hango robar ciki ta tsakankaninsu, bai cancanci kuɗin mai saye ba.

Sai dai garkuwa kaɗai ba ta isa ba idan tafiyar ta yi nisa, musamman da yake ba ta tare tasirin maganaɗisu sosai. A nan ne dabara ta biyu ke shigowa, kuma ta fi ta farko ban sha'awa. Maimakon waya ɗaya, sai a sa biyu a cikin ragar, a murɗe su kamar igiya. Da yake suna manne da juna, duk hayaniyar da ta shiga ɗaya za ta shiga ɗayar daidai wa daida. Na'urar da ke karɓar sautin kuma an gina ta ne ta auna bambancin da ke tsakanin wayoyin biyu kawai. Misalin wannan shi ne sikeli mai kwano biyu: idan aka ƙara dutse mai nauyi ɗaya a kowane kwano, awon ba zai sauya ba. Haka hayaniyar take soke kanta, muryar ta wuce. Alexander Graham Bell ne ya yi rajistar dabarar murɗe waya a 1881 domin layukan tarho, kuma har yau ita ce ta sa ake iya jan makirufo tsawon mita 50 ko 100 ba tare da gurnani ba. Kebul mai waya ɗaya da raga kuwa, gara kada ya wuce mita biyar ko shida.

Kawunan da ake ɗaura wa kebul suna bin wannan rabo. Akwai RCA, mai sunan kamfanin Amurka da ya ƙirƙiro shi, wanda ake gani a bayan rediyo da talabijin, ja na dama, fari na hagu. Akwai babban jak mai kaurin milimita 6.35, wanda asalinsa daga ofisoshin haɗa layin tarho ne na ƙarni na 19, da ƙaninsa mai milimita 3.5 wanda ya cika duniya bayan da kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979. A jak mai gaɓa uku, tsinin na hagu ne, zoben na dama, gindin kuma na raga. Sannan akwai XLR na makirufo mai ƙafa uku: ta 1 ta raga, ta 2 da ta 3 na murɗaɗɗun wayoyin. A da kamfanoni sun saɓa kan wadda za ta zama babba tsakanin ta 2 da ta 3, har ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta tsayar da ta 2 a shekarar 1992.

Kebul ɗin lasifika ba ya bukatar raga, kauri yake bukata. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya dace malami ya ba ɗalibai su yi a aji. A ce lasifika mai om 8 tana nesa da amfilifaya da mita 20, wato lantarki zai yi tafiyar mita 40 zuwa da dawowa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 0.5 za ta yi turjiyar kusan om 1.4, ma'ana kimanin kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin zai ƙare wajen ɗumama waya. Idan aka sa mai kaurin 2.5, turjiyar ba ta kai om 0.3 ba, asarar kuma ta sauko zuwa kashi 3. Wayar wuta ta gida mai sili da yawa tana yin wannan aiki daidai da kowace waya mai tsada da aka yi wa kwali mai ƙyalli. Ko zinaren da ake shafa wa bakin wasu kawuna, amfaninsa shi ne ba ya tsatsa; wajen ɗaukar lantarki jan ƙarfe ya fi shi, azurfa kuma ta fi su duka.

Abin lura a kasuwa shi ne jabun waya. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, alhali alminiyam kashi 61 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa, ga wuyar liƙi. A kankare silin da reza: idan fari ya bayyana, an gane. Ko a kara shi a wutar ashana, na alminiyam zai lanƙwashe ya marmashe, na jan ƙarfe kuwa ya yi ja ya tsaya. Idan maganaɗisu ya kama silin, to baƙin ƙarfe ne a ciki.

Kayan aiki

Uban kayan aikin shi ne ƙarfen liƙi, wato wanda ake jona wa wuta ya yi zafi ya narka dalma. Mai wat 25 zuwa 40 ya wadatar. Mutane da yawa suna zaton ƙaramin ƙarfe ya fi aminci ga mai koyo, amma abin ba haka yake ba. Ƙarfen da zafinsa bai isa ba yakan tilasta wa mutum ya daɗe a kan mahaɗa, kafin dalma ta narke zafin ya ratsa ya narka robar da ke riƙe da ƙafafun kan. Babban ƙarfe irin na masu gyaran lagireto shi ma ɓarna yake yi nan take. Wanda ya sami hali ya sayi mai maɓallin daidaita zafi, ya ajiye shi wajen digiri 350 a ma'aunin Salshiyas. Baki mai ɗan faɗi kamar na sukudireba ya fi mai tsini kamar allura, domin ya fi isar da zafi. Inda wuta ba ta tsayawa, akwai mai aiki da gas da mai aiki da batirin mota.

Abin da masu gyara ke kira dalma gami ne na kuza da dalma. Mai kashi 60 na kuza da 40 na dalma yana fara narkewa a digiri 183, ya gama a 190. Mai 63 da 37 kuwa yana narkewa gaba ɗaya a 183, shi ya sa ya fi daɗin aiki. A nemi siririya, kamar milimita ɗaya, wadda ke da wani ƙaro a cikinta da ake samu daga itacen fain. Ƙaron nan shi ke wanke dattin saman ƙarfe domin dalma ta kama. Ruwan asid da masu liƙin bokiti da kwano ke amfani da shi kada ya kusanci kebul, domin zai ci gaba da cin silin har bayan an gama aiki. Tun daga 2006 dokar Tarayyar Turai ta hana sa dalma a mafi yawan kayan lantarki, saboda haka ana samun gamin da babu ita a ciki, wanda ke narkewa wajen digiri 217 ko sama, kuma ya fi bukatar ƙwarewa.

Dalilin wannan doka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 2010 gubar dalma daga ƙurar duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara. Liƙin kebul bai kai kusa da wannan haɗari ba, amma gubar ɗaya ce, kuma taruwa take yi a jiki. Kada a riƙe dalma da haƙori, kada a ci abinci a teburin aiki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, a kuma share ɓurɓushin kada ƙananan yara su tsinta. Hayaƙin da ke tashi na ƙaron ne, kuma yawan shaƙarsa yana jawo asma, don haka a yi aiki kusa da taga.

Sauran kayan ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, da abin feɗe waya mai ramuka daidai kaurin kowace waya, da jiƙaƙƙen soso na goge bakin ƙarfe. Reza tana feɗewa, amma takan yanke sili ba tare da an lura ba, kuma nan ne wayar za ta karye wata rana. Liƙi yana bukatar hannu uku, ɗaya na ƙarfe, ɗaya na dalma, ɗaya na riƙe kan. Na ukun ana samun sa ta hanyar ɗaure hannun filaya da roba, ko huda rami a guntun katako. Wajen rufe mahaɗa, robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi ta fi salatif, wanda kan saki da zafin bazara ya bar danƙo. Na ƙarshe shi ne maltimita, ko da mafi araha ce, muddin tana yin ƙara idan aka haɗa tsinkayenta biyu.

Yadda ake haɗawa

Kafin komai a zura murfin kan a jikin kebul. Babu mai wannan sana'a da bai taɓa gama liƙi mai kyau ba sannan ya hango murfin yana kwance a kan tebur. Daga nan a feɗe robar waje kamar santimita biyu, a warware ragar, a murɗe ta wuri ɗaya, a feɗe wayar ciki milimita uku ko huɗu. Sai a shafa wa bakin wayar dalma ita kaɗai, a shafa wa ƙafar kan ita kaɗai, sannan a haɗa su a ɗora ƙarfe. Sirrin aikin shi ne a ɗumama abin da za a liƙa, shi kuma ya narka dalmar. Wanda ya ɗebo narkakkiyar dalma a bakin ƙarfe ya ɗiga a kan waya mai sanyi, ya yi abin da ya yi kama da liƙi a ido, amma bai kama ba, kuma irinsa ne ke sa murya yankewa. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa. Kada a hura, kada a motsa sai ta daskare. Mahaɗa mai kyau takan yi sumul tana ƙyalli, ana ganin siffar wayar a ƙarƙashinta. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo, a sake ta.

Bayan liƙi sai a matse maƙallin da ke wuyan kan a kan robar waje, domin idan an ja kebul, nauyin ya faɗa kan robar ba kan liƙin ba. Mafi yawan kebul a nan suke mutuwa. A XLR kuma a karanta lambobin da aka rubuta a jikin kowace ƙafa, kada a bi da ido, domin tsarin na namiji kishiyar na mace ne kamar hoto a madubi.

Gwaji iri biyu ne. A tabbatar kowace ƙafa tana haɗe da takwararta a ɗaya ƙarshen, sannan a tabbatar babu wadda ke taɓa maƙwabciyarta. Sili ɗaya da ya kauce ya isa ya kashe sauti. Yana da kyau a riƙa lanƙwasa wuyan kebul ɗin yayin da maltimita ke ƙara, ko za ta yanke. Idan lasifika biyu ne, a tabbatar jar waya tana kan jan maɓalli a duka biyun, in ba haka ba ɗaya za ta riƙa turo iska yayin da ɗayar ke ja, kaurin sautin ya zube.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi rai. Wasu kan karye ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya saboda sun ga hakan yana rage gurnani. Wannan ƙafa ita ce ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta lalace. Idan babu ita, wutar za ta bi ta ragar kebul zuwa jikin makirufo, zuwa hannu da leɓen mai jawabi. Hanyar da ta dace ita ce a jona dukkan na'urorin a soket guda, a kuma nisanta kebul ɗin sauti da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna. Na biyu, kada a taɓa ɗaura fulogin wuta a kebul ɗin lasifika don ya fi saukin samu, domin wata rana wani da bai sani ba zai cusa shi a bango.

Wajen ajiya, naɗe kebul a gwiwar hannu kamar igiyar guga yana murɗe silin ciki har ya tsinke. A naɗe shi sako-sako a tafin hannu, zagaye ɗaya ta sama, na biye ta ƙasa, a ɗaure da ƙyalle, a rataye a ƙusa nesa da rana da ɓeraye.