Kainuwa ko Kachalla: Wa Zai Wanke Ruwan Jiƙon Rama?

Duk wanda ya tashi a ƙauyen da ake tufka igiya ya san warin kududdufin da aka jiƙa rama. Ruwan ya yi baƙi, ya yi kumfa, kifi ya taso ciki sama. Abin da muke yi da dami goma, a Bangladash da Yammacin Bengal na Indiya da gonaki ake yinsa. Lalon da muke miya da shi, su barinsa suke ya zarce tsawon mutum, su nutsar da shi mako biyu ko uku har ƙwayoyin bakteriya su cinye danƙon da ya manne zare da kara. Da zaren ake saƙa buhun algarara. Ruɓaɓɓen danƙon kuwa shi ke shanye iskar oksijin ta ruwan.

Manomi ba shi da kuɗin injin tace ruwa, amma yana da ciyawa. Tun shekarun 1950 wata Bajamushiya, Käthe Seidel, ta nuna cewa tsiron fadama na iya wanke gurɓataccen ruwa. To, wane tsiro?

Kainuwa dashen Allah ce, ba shuka ba ban-ruwa. Ita da 'yar'uwarta mai shuɗin fure, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, yawo suke a saman ruwa, saiwarsu na reto tana tsotse takin da ya narke, tana tare laka. Mai shuɗin furen kan ninka kanta cikin kusan mako biyu. Wannan saurin shi ne amfaninta, shi ne kuma aibinta. In ba a kwashe ta a kai a kai ba, sai ta mutu ta nutse, ta mayar wa ruwa dattin da ta ɗauka. Akwai sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. Ambaliya ɗaya kuma ta isa ta kai ta kogi, kuma masuntan Kainji sun ga yadda take rufe hanyar jirgi.

Ambaton kachalla a gaban mutumin Haɗejia ko Nguru tamkar fama masa gyambo ne. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kachalla ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama masaukin jan-baki. Ban raina wannan kukan ba. Amma abin da ya sa ta gagari fadama shi ne abin da ruwan jiƙo yake nema. Ganyenta da karanta cike suke da ƙananan kafofi da ke kai iska har saiwa, shi ya sa take rayuwa a taɓon da ya shaƙe. A jikin saiwar ne bakteriya ke taruwa su ƙarasa cinye ruɓar. In aka haƙa rami aka daɓe gindinsa, aka cika da tsakuwa aka dasa ta, ruwan ta ƙarƙashi zai bi, ba wari, ba wurin ƙyanƙyasar sauro.

Ni dai kachalla zan bai wa ruwan farko mai kauri, kainuwa ta karɓi wanda ya fara washewa a rami na biyu mai shinge. Sharaɗina ɗaya: irin kachalla iska ke ɗauka, don haka a sa mata lauje tun ba ta fitar da kai ba, a busar da ita a yi asabari.