Keken Burji na Farko: Abin da Mace Za Ta Duba Kafin Ta Biya

A tsakiyar ƙasar Amurka, inda hanyoyin tsakuwa suka ratsa gonaki da makiyaya ba iyaka, mahaya sun daɗe suna kukan cewa keken tsere ya cika laushi, na hawan dutse kuwa ya cika nauyi, har masu ƙira suka fito da wani iri a tsakani, mai lanƙwasasshen kai irin na tsere, amma da taya mai kauri da ta jure burji. Tseren mil 200 da aka fara a garin Emporia na jihar Kansas a 2006, wanda yau ake kira Unbound Gravel, yana cikin abubuwan da suka ɗaukaka sha'aninsa, ta yadda a 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan keke a Italiya, Bafaranshiya Pauline Ferrand-Prévot ta cinye ta mata.

To, macen da ta ƙudurta sayen irin wannan keke, alhali ba ta taɓa mallakarsa ba kuma kuɗinta ƙididdigaggu ne, mas'alar da za ta fara cin karo da ita ita ce ko wajibi ne ta nemi wanda aka rubuta wa "na mata". A nan akwai saɓani tsakanin masu ƙira. Kamfanin Giant na Taiwan ya kafa Liv a 2008 bisa hujjar cewa ƙirar jikin mace ta cancanci firam nata na daban, Specialized kuwa, bayan ya bi wannan mazhaba shekaru, ya sake ta, yana mai cewa bambancin da ke tsakanin mace da mace bai gaza wanda ke tsakanin mace da namiji ba. Abin da na rinjayar shi ne rubutun ba sharaɗi ba ne. Sharaɗin shi ne keken ya zo daidai da jikinta, domin keke kamar takalmi yake, tsadarsa ba ta hana shi matsi.

Wannan daidaito shi ya cancanci a tsaya a kansa. Ta tsaya da keken tsakanin ƙafafunta, tafin ƙafa a ƙasa, ta ga akwai rata tsakaninta da ƙarfen sama. Sa'an nan ta hau ta kama kai, in ta ji sai ta miƙe hannu iyaka kafin ta kai ga birki, to ya yi mata tsawo, kuma wuya da kafaɗa ne za su biya diyya. Galibin kekuna suna zuwa da kai mai faɗin santimita 40 zuwa 44, alhali mata da yawa 36 ko 38 ne ya dace da kafaɗarsu. Mai ƙaramin hannu ta sani cewa mariƙin birkin Shimano yana da 'yar ƙusa da ake juyawa ya matso kusa da yatsu, abin da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Gajeruwa kuma ta juya kai a hankali ta ga ko yatsun ƙafarta na taɓa tayar gaba, aibin da ya yawaita a ƙananan firam, wanda saboda shi wasu kamfanoni ke sa musu ƙaramin wili mai suna 650b. Sirdi kuwa kada a mayar da keke dominsa, tun da sauya shi abu ne mai sauƙi, kuma faɗinsa ake aunawa da ƙasusuwan zama, ba taushinsa ba.

Sauran al'amura ba su bukatar dogon bahasi. Firam na alminiyum ya wadatar, na kabon israfi ne ga mai koyo. Giyar Claris ko Sora, ƙananan darajojin Shimano, tana aiki lafiya, muddin akwai giya mai sauƙi ta hawan tudu, misali haƙori 34 gaba da 34 baya. Birkin faifai mai aiki da mai ya fi sauƙin matsawa, kuma wannan falala ce ta haƙiƙa ga hannu marar ƙarfi, sai dai mai waya ya fi araha, kuma kowane mai gyaran keke na bakin kasuwa zai iya da shi.

Inda ban yarda a yi rowa ba shi ne taya. Ta tabbata firam zai karɓi mai faɗin milimita 40 ko fiye, kuma wilin ya yarda da tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa ruwan da ke toshe huda da kansa. Wanda ya san ƙayar aduwa a hanyoyinmu na burji ba ya bukatar a yi masa sharhin amfaninta. Idan na hannu za ta saya, wanda sau da yawa shi ne mafita, ta tafi da makaniken da ta amince da shi ya duba tsaga a wuraren walda, da miƙewar sarƙa, da karkatar wili, kuma ta rage wani abu a cikin kuɗin domin hular kwano da famfo da kayan faci.