Matsalolin Girka Ƙunshin RODBC a kan Manhajar R da Hanyoyin Warware Su

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana matsalolin da ake cin karo da su wajen girka ƙunshin RODBC a kan manhajar ƙididdiga ta R, tare da nuna yadda ake gano tushen kowace matsala. An rubuta ta ne domin malamai da ɗalibai masu bincike waɗanda aikinsu ya dogara da manyan rumbunan bayanai.

Birnin Yamai matattara ce ta irin waɗannan rumbuna. A nan ne Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, take, haka kuma cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, da cibiyar ACMAD mai nazarin yanayi, da Jami'ar Abdou Moumouni. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum 17,138,707 a Nijar, alhali shafi ɗaya na Excel ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576. Haka nan, ma'aunin ruwan sama na kowace rana a tasha ɗaya daga 1991 zuwa 2020 layi 10,958 ne. Na tashoshi 100 kuwa ya haura abin da shafin zai iya ɗauka. Saboda haka dole ne mai bincike ya bar bayanai cikin rumbunsu, ya sa R ta ɗebo abin da yake buƙata kawai. Aikin RODBC ke nan. In girka shi ya faskara, binciken ya tsaya tun bai fara ba.

2. Yadda haɗin yake

Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro R a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyuzilan, kuma fitowa ta 1.0.0 ta bayyana ran 29 ga Fabrairu 2000. Ƙa'idar ODBC kuwa kamfanin Microsoft ne ya fitar da ita a 1992, domin manhaja ɗaya ta iya magana da rumbuna iri-iri. Michael Lapsley ne ya fara rubuta RODBC, daga baya Brian Ripley ya ci gaba da kula da shi.

Tsakanin mai bincike da bayanansa akwai matakai huɗu:

(a) ƙunshin RODBC da ke cikin R;
(b) mai kula da tafintoci, wanda yake zuwa tare da Windows, amma a Linux sai an girka unixODBC;
(c) tafinta, wato abin da ake kira pilote da Faransanci, kuma kowane irin rumbu da nasa;
(d) rumbun kansa, ko dai fayil ne kamar na Access, ko kuwa yana kan wata na'ura kamar PostgreSQL, MySQL ko Oracle.

Akasarin ɓata lokaci yana faruwa ne saboda ana ta maimaita girka (a) alhali cutar tana a (b) ko (c). Don haka za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

3. Matsalolin saukowa

Umurnin da aka saba shi ne install.packages("RODBC"). Idan bai yi nasara ba, R mai magana da Faransanci takan rufe da wannan saƙo:

(1) l'installation du package 'RODBC' a eu un statut de sortie non nul

Wannan saƙo sanarwa ce kawai cewa aikin bai kammala ba. Dalilin yana cikin layukan da suka gabace shi, kuma kuskuren farko da ya bayyana a sama shi ne abin dubawa.

A wannan mataki dalilai uku ne suka fi yawa. Na farko, jinkirin intanet: R takan jira daƙiƙa 60 ne kawai, sai ta yanke. Ana ƙara wa'adin da options(timeout = 300). Inda intanet ba shi da tabbas, ana iya ɗauko fayil ɗin daga CRAN a wani wuri, a kawo shi a makullin USB, a girka da repos = NULL. Na biyu, ɗaukewar wuta ana cikin girkawa: R takan bar wani dosiye mai suna 00LOCK-RODBC cikin ma'ajiyar ƙunshe-ƙunshe, kuma muddin yana nan, sabon yunƙuri ba zai wuce ba. Umurnin .libPaths() yana nuna inda ma'ajiyar take, sai a goge dosiyen da hannu. Na uku, tsufan R ɗin kanta: sababbin fitowar RODBC suna buƙatar R 4.0.0 ko wadda ta fi ta. Mai tsohuwar R ko dai ya sabunta ta, ko ya nemi tsohuwar fitowar ƙunshin a taskar CRAN.

4. Matsalolin harhaɗawa

Ƙunshi yana zuwa iri biyu: dafaffe, wanda aka riga aka harhaɗa, da ɗanye, wanda na'urar mai bincike ce za ta harhaɗa shi. A Windows dafaffe ake samu galibi. Idan R ta tambaya ko a girka wata sabuwar fitowa daga ɗanye, gara a amsa da a'a, sai fa in an riga an girka Rtools. A Linux kuwa ɗanye ake samu daga CRAN, kuma a nan ne ake yawan ganin wannan saƙo:

(2) ODBC headers sql.h and sqlext.h not found

Wani ɓangare na RODBC da harshen C aka rubuta shi, kuma harhaɗa shi yana buƙatar waɗannan fayiloli biyu. Girka unixODBC kaɗai ba ya kawo su. Suna cikin wani ƙunshi dabam na tsarin. A Ubuntu da Debian ana rubuta sudo apt install unixodbc-dev r-base-dev, a Fedora kuma sunan ƙunshin unixODBC-devel ne. A lura cewa a tagar umurni ta tsarin ake rubuta wannan, ba cikin R ba. Akwai kuma gajeriyar hanya a Ubuntu da Debian, wato girka r-cran-rodbc, wanda dafaffe ne.

5. Matsalolin tafinta

Idan library(RODBC) ya wuce ba tare da ƙorafi ba, mataki (a) ya kammala, kuma babu amfanin sake girka shi. Abin da ya rage shi ne haɗi. Idan odbcConnect ya kasa, yakan mayar da -1 tare da gargaɗi mai lamba. Lambobi biyu ne aka fi gani:

(3) IM002: Source de données introuvable et nom de pilote non spécifié
(4) IM014: incompatibilité d'architecture entre le pilote et l'application

Saƙo na (3) yana nufin ba a sami sunan tushen bayanai, wato DSN, ko sunan tafintan da aka ambata ba. Umurnin odbcDataSources() yana jera sunayen da R take gani; a gwada su da abin da aka rubuta, harafi da harafi. A Linux, odbcinst -j yana nuna inda fayilolin odbcinst.ini da odbc.ini suke: na farko na tafintoci ne, na biyu na sunayen tushe.

Saƙo na (4) yana nufin R mai bit 64 ce, tafinta kuwa mai bit 32 ne, ko akasin haka. Tun daga fitowa ta 4.2.0 a 2022, R ta daina fitar da mai bit 32 don Windows, alhali na'urori da dama suna ɗauke da Office mai bit 32 tare da tafintan Access irinsa. Maganin shi ne girka tafinta mai bit 64. A nan akwai tarko: Windows tana da odbcad32.exe guda biyu. Wanda ke cikin System32 na bit 64 ne, wanda ke cikin SysWOW64 kuma na bit 32 ne, sabanin abin da sunayen suke nunawa.

Idan rumbun yana kan wata na'ura, a jarraba haɗin a wajen R tukuna, da isql -v a Linux ko da maɓallin gwaji na tagar ODBC a Windows. In ya kasa a can, R ba ta da laifi: sai a duba adireshin na'urar, da kalmar sirri, da ƙofar da rumbun yake saurare. Bisa al'ada PostgreSQL yana kan 5432, MySQL 3306, SQL Server 1433, Oracle 1521. Sau da yawa jami'in sadarwa na ma'aikata ne kaɗai zai iya buɗe ƙofar.

6. Matsalolin da ba sa ba da saƙo

Waɗannan su ne mafi haɗari, domin haɗi ya yi, bayanai sun zo, amma a gurguje. Na farko ya shafi haruffa. Tsarin Windows-1252 yana da é da è na Faransanci, amma ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan aka karanta rubutun UTF-8 da shi, ga abin da ke fitowa:

(5) ƙasa > Æ™asa
(6) Tillabéri > TillabÃ©ri

Idan aka haɗa wannan da wani fayil mai rubutu daidai, jiha ɗaya za ta rabu biyu a cikin jadawali, kuma jimillarta ta ɓaci. Ana gyarawa da DBMSencoding = "UTF-8" a lokacin haɗi. Amma idan tun wajen shigarwa aka mayar da harafin alamar tambaya, to ya ɓace daga rumbun, sai an koma ga takardun asali.

Na biyu, RODBC yakan mayar da lambar shaida irin "01" ta zama 1, sai lambobin gundumomi ko ƙauyuka su daina dacewa da na wani jadawali. Ana hana haka da as.is = TRUE. Na uku, wasu tafintocin Oracle ba sa faɗin adadin layuka daidai, don haka ake sa believeNRows = FALSE. A kowane hali, ya kamata a gwada nrow() na R da sakamakon SELECT COUNT(*) na rumbun kafin a fara lissafi.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tsarin bincike shi ne: a karanta kuskuren farko, a tantance matakin da ya fito, a gyara abu ɗaya, a sake gwadawa. Wannan tsari yana aiki har ga sauran ƙunshe-ƙunshe, domin RPostgres ma yana buƙatar libpq-dev, RMariaDB kuma libmariadb-dev, kamar yadda RODBC yake buƙatar unixodbc-dev. Muna ba da shawara ga ɗalibai su ajiye sakamakon sessionInfo() da sunan tafinta da fitowarsa cikin ratayen kundinsu, domin mai duba aikin ya iya maimaita lissafin a wata na'ura.