Yadda Turawa ke auna mai tsaron baya da alƙaluma, da abin da ke hana a ga yaran Tajaye da Ƙonni

A gidajen kallon ƙwallo na Birnin Ƙonni da Malbaza, da fadojin shayi na matasan Tajaye a yankin Illela, gardama kan ɗan wasan gaba ba ta daɗewa, domin yawan ƙwallayen da ya ci kan raba ta. Idan aka zo kan mai tsaron baya ne magana ke tsawo: wani ya ce ƙarfi, wani ya ce tsayi, wani ya ce zuciya.

Manyan ƙungiyoyin Turai ma sun daɗe suna wannan gardama, sai dai su da maƙudan kuɗi suke yin ta. A yau kafin su tura mai farautar ƴan wasa filin wasa, sukan fara tace dubban sunaye a kwamfuta. Wanda ba a taɓa rubuta wasansa ba, ba ya cikin jerin, kuma nan ne matsalar yaran jihar Tawa take.

Me ake ƙirgawa?

Kamfanoni irin su Opta na Ingila da Wyscout na Italiya suna da ma'aikatan da ke bin bidiyon wasa suna rubuta duk abin da ya faru da ƙwallo. Game da ɗan baya, sukan ƙirga sau nawa ya ƙwace ƙwallo a ƙafar abokin hamayya, sau nawa ya tsinke fasin kafin ya isa inda aka nufa, kashi nawa ya yi nasara idan aka tashi sama da ka, sau nawa aka yanke shi aka wuce, da yawan ƙetar da ya yi. Ana kuma duba abin da yake yi da ƙwallon bayan ya karɓe ta, ko yana tura ta gaba ko kuwa koro ta yake yi ko'ina.

Ana lissafa waɗannan ne bisa kowane minti 90, don kada a haɗa wanda ya buga kaka cur da wanda ke shigowa saura minti 10 a tashi.

Amurkawa sun fi kowa nisa a wannan harka. A wasansu na zari-ruga, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suna zaɓar sababbin ƴan wasa daga jami'o'i duk watan Afrilu, zagaye 7. Kafin ranar, an riga an tara musu bayanan wasannin ɗalibin, an kuma gayyaci fitattu birnin Indianapolis an auna tsayi da nauyi da tsalle da gudun yadi 40. Duk da haka ƙungiyoyin kan yi zaɓen tumun dare, musamman a kan masu tsaro, saboda aikin mai tsaro shi ne hana abu faruwa, abin da bai faru ba kuwa yana da wuyar ƙirgawa.

Inda alƙaluma suka yi rana

Labarin N'Golo Kante, wanda iyayensa ƴan Mali ne, shi ne misalin da aka fi bayarwa. A kakar 2014/2015 yana ƙaramar ƙungiyar Caen ta Faransa, amma alƙaluman ƙwace ƙwallonsa sun fi na taurarin da ake ji da su. Leicester City ta saye shi a 2015 kan fam miliyan 5.6. A kakarsa ta farko ya ƙwace ƙwallo sau 175 a gasar Firimiya, ya fi kowa, Leicester ta ɗauki kofi, Chelsea kuma ta saye shi kan kimanin fam miliyan 30.

Leicester ta maimaita dabarar a Janairun 2017 da ta ɗauko Wilfred Ndidi na Najeriya daga Genk ta Beljiyam. A kakar 2017/2018 shi ma ya zo na ɗaya da 138.

Inda suke yaudara

Kante da Ndidi ƴan tsakiya ne masu taimakon baya, aikinsu farauta ne, don haka yawan ƙwacewa na nuna ƙwazonsu. Ga mai tsaron tsakiyar baya abin ya sha bamban.

A 2001 Sir Alex Ferguson ya sayar da Jaap Stam daga Manchester United zuwa Lazio. An sha ruwaito cewa daga cikin dalilan har da alƙaluman da suka nuna Stam ya rage kai wa ƙwallo ƙafa. Abin da alƙaluman ba su nuna ba shi ne, gogewa ta sa ya iya tsayuwa inda ya dace tun kafin haɗari ya taso. Stam ya ci gaba da haskakawa a Italiya har ya buga wa AC Milan wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2005, Ferguson kuma ya amsa daga baya cewa ya yi kuskure.

Virgil van Dijk ma ba ya cikin masu yawan zamewa a ƙasa. Abin da ya fito da shi a kakar 2018/2019 shi ne, a wasanni 38 na Firimiya babu ɗan wasan da aka rubuta ya yanke shi ya wuce.

Akwai kuma tarkon ƙungiya. A ɗauka ƙungiyar wani yaro tana riƙe ƙwallo kashi 35 cikin 100 na wasa, ta wani kuma kashi 65. Na farko zai wuni yana tsaro, dole lissafinsa ya yi yawa, ko da na biyun ya fi shi iyawa. Shi ya sa masana ke daidaita alƙaluman da tsawon lokacin da ƙwallo ta yi a hannun abokan hamayya. Suna kuma la'akari da ƙarfin gasar da shekarun yaron: ɗan shekara 17 da ke tare manya ya fi ɗan 24 da ke tare yara daraja.

Hanyar da ke akwai daga ƙasar Hausa

Ƴan baya daga wannan yanki sun kai Turai. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, ya bi ta Kano Pillars kafin ya buga a Fotugal da Turkiyya, ya kuma samu tagulla da Najeriya a wasannin Olamfik na 2016. Zaidu Sanusi, ɗan Jega a jihar Kebbi, ya fara daga ƙananan rukunan Fotugal, ya shiga Santa Clara a 2019, FC Porto ta saye shi a 2020. Shi ne ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar a gidan Benfica a watan Mayun 2022.

Abin lura shi ne, dukkansu sai da suka shiga gasar da ake ɗauka a bidiyo kafin manya su gan su. A Nijar kuwa, ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi irin su AS FAN da AS GNN da Sahel SC duk a Yamai suke, sama da kilomita 400 daga Ƙonni. Ƙasar na da abin nunawa: Mena ta je Gasar Kofin Afirka a 2012 da 2013, ƴan ƙasa da shekara 17 kuma sun tsallake zagayen rukuni a Kofin Duniya na Indiya a 2017. Amma wasannin hutu da ake fafatawa tsakanin ƙauyuka a filayen rairayi, da an hura tashi sai labarinsu ya koma baki.

Wannan giɓin ne dillalan bogi ke cikewa. Sukan karɓi kuɗin gona ko na ci-ranin ƴan'uwa da alƙawarin gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, alhali dokar FIFA ta haramta kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da wasu ƴan keɓaɓɓun dalilai.

Abin da wayar hannu da littafi za su iya

Kafa tarihin ɗan wasa bai fi ƙarfin ƙungiyar unguwa ba. Wayar hannu ɗaya da aka ɗora a wuri mai tudu, ta ɗauki wasa daga farko har ƙarshe, ta fi guntayen bidiyon bajinta amfani, domin mai farauta yana son ganin inda ɗan baya ke tsayawa lokacin da ƙwallo ba ta wajensa. Mutum biyu da littafi a bakin fili za su iya rubuta ranar wasa, abokan karawa, mintunan da yaro ya buga, tashin sama da ya ci da wanda ya faɗi, da sau nawa aka wuce shi. Wasa ɗaya ko biyu ba sa nuna komai, sai an tara na kaka guda.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta ranar haihuwa. Hukumar CAF na amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance ƴan ƙasa da shekara 17, kuma Kamaru ta taɓa sallamar yara 21 cikin 30 da suka faɗi wannan gwaji. Takardar haihuwa ta gaskiya da aka yi tun da wuri tana kare yaro daga irin wannan kunya.

Sai rajista da hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na komawa ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta samun ko dala, ko da ita ta koya masa buga ƙwallo.

Ƴan ci-ranin Adar da ke Abijan da Legas da Kano sun saba aiko da riguna da ƙwallaye da kuɗin kofi. Idan wani kaso na wannan gudummawa ya tafi ga kuɗin rajista da waya mai ɗaukar hoto da kyau, mai tsaron bayan Tajaye zai samu abin da zai ajiye a gaban koci a Tawa ko Yamai tun kafin ya biya kuɗin mota.