Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kwamfuta a Cikin Kwamfuta

A wannan fitowa ta allon ƙungiyar 'yan jarida zan yi bayani a kan wani abu da ya faru a darasinmu na kwamfuta, da abin da na koya daga gare shi. Ina roƙon 'yan aji biyu da 'yan aji uku su karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi jarrabawarmu.

Duk wanda ya buɗe littafinmu na kwamfuta ya ga babin BASIC, wato yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi. Mun haddace PRINT da INPUT da LET da REM da END. Mun rubuta su a littafi, Malam ya duba ya ba mu maki. Amma a ajinmu babu ko mutum ɗaya da ya taɓa ganin kwamfuta ta bi umarnin da ya rubuta. Kamar wanda ya haddace yadda ake huɗa ne, bai taɓa riƙe garma ba.

Wata rana Malam ya zo da wata manhaja mai suna QBasic a filashi, ya ce yau za mu gani da idonmu. Aka tayar da janareta, muka kewaye kwamfutarsa ta cinya. Da ya danna manhajar sai wani saƙo ya fito cewa ba za ta iya aiki a wannan kwamfuta ba. Ya sake dannawa, saƙon ya sake fitowa. Wani a bayana ya ce filashin ne ya lalace, wani ya ce cuta ce ta shiga. Malam ya ce duk ba haka ba ne, ya yi mana alkawarin bayani mako mai zuwa.

Me ya hana ta aiki?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tafiyar da komai, irin su Windows. Ita ce kamar maigida. Sauran manhajoji ba sa taɓa allo ko madannai ko ma'ajiya sai ta hannunta. QBasic ta fito ne a 1991 tare da wata babbar manhaja mai suna MS-DOS 5.0, wadda ake ba ta umarni da rubutu a kan baƙin allo. An gina ta a kan tsarin da ake kira bit 16. Ita kuwa kwamfutar Malam Windows 11 ce a kanta, wadda ta fito a 2021, kuma tsarinta bit 64 ne. Kamfanin Microsoft bai sa ɓangaren da ke karɓar manhajojin bit 16 a cikin Windows mai bit 64 ba. Saboda haka QBasic lafiyarta lau, gidan da ta saba zama ne babu shi.

Gandu da gayauna

Maganin da Malam ya kawo shi ne abin da Turawa suke kira bacuwal mashin. Ni zan kira ta kwamfutar ciki, domin kwamfuta ce da ake ginawa da manhaja a cikin wata kwamfutar, ba tare da an sayo ko ƙusa ɗaya ba.

Mu a Gezawa ba sai mun je nesa ba mu fahimci wannan. Maigida yana da gandu, sai ya yankar wa ɗansa gayauna a gefe. Ƙasar ɗaya ce, ruwan saman ɗaya ne. Amma idan an shuka gero a gandu, yaron yana iya shuka gyaɗa ko wake a gayaunarsa yadda ya ga dama. Idan shukarsa ta lalace, gandun yana nan. To, kwamfuta ta gaske ita ce gandu, kwamfutar ciki ita ce gayauna. Masana suna kiran ta gasken mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa.

Akwai wata manhaja da ke tsaye a tsakaninsu tana yin rabon. Ita ce take yankar wa baƙuwa wani kaso na ram, wato wurin da kwamfuta take ajiye aikin da take yi yanzu-yanzu. Tana kuma ba ta wani babban fayil, baƙuwar ta ɗauka faifan ajiyarta ne na gaske. Tana nuna mata allo da madannai da wurin sa faifan sidi. Tsohuwar babbar manhajar da aka zuba a ciki ba ta san cewa a cikin wata take ba. A ganinta ita kaɗai ce a gidan.

Wannan dabara ta girmi iyayen yawancinmu. Kamfanin IBM na Amurka ya fara ta tun shekarun 1960 a kan manya-manyan kwamfutoci masu cika ɗaki, don mutane da yawa su yi aiki da guda ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a 1972 ya fitar da wadda ake kira VM/370. A 1998 aka kafa kamfanin VMware, wanda ya kawo dabarar ga ƙananan kwamfutoci irin namu. Wadda Malam ya yi amfani da ita sunanta VirtualBox. Wani kamfani ne a Jamus ya ƙirƙiro ta, aka sake ta kyauta a 2007, kuma tun 2010 tana hannun kamfanin Oracle.

Yadda Malam ya yi

Da farko ya sauko da VirtualBox daga intanet a wani shagon kwamfuta a Kano, ya kuma sauko da FreeDOS. Ita FreeDOS babbar manhaja ce ta kyauta mai aiki irin na MS-DOS, wani Ba'amurke mai suna Jim Hall ya faro ta a 1994. Bayan ya sa VirtualBox a kwamfutarsa, ga abin da muka ga ya yi:

Na ɗaya, ya buɗe sabuwar kwamfutar ciki, ya raɗa mata suna, ya zaɓi cewa irin DOS ce.

Na biyu, ya ba ta ram megabait 32. Kwamfutarsa tana da gigabait 4, wato megabait 4096. Idan ka raba za ka ga kashi ɗaya ne kawai cikin 128 ya ba ta, kuma ya ishe ta har da saura.

Na uku, ya yi mata fayil ɗin da zai zama faifan ajiyarta.

Na huɗu, ya nuna mata fayil ɗin FreeDOS kamar ya sa mata faifan sidi, ya kunna ta, ya bi tambayoyin har ta gama zama.

Na biyar, ya shigar mata da QBasic ta irin wannan hanya.

Sai ga wata 'yar taga baƙa ta buɗe a tsakiyar Windows 11. Malam ya rubuta sunan manhajar ya danna, allon ya koma shuɗi. Ajin ya kaure da tafi har sai da malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo.

Abin da ya faru da ni

Malam ya ce wa zai fara. Na ɗaga hannu, domin ina da wani shiri da na rubuta a littafi na neman matsakaicin makin darussa uku. Na buga shi kamar haka:

10 INPUT A, B, C
20 LET M = A + B + C / 3
30 PRINT M
40 END

Na danna F5, na sa 60 da 70 da 80. Kowa ya san amsar 70 ce. Kwamfuta ta ba ni 156.6667. Aka fashe da dariya, ni kuwa na ce kwamfutar ce ta yi kuskure. Malam bai ce komai ba, sai ya tambaye ni wanne ake fara yi a lissafi, tarawa ko rabawa. Nan na gane. Ta raba 80 gida uku tukuna, sannan ta tara da sauran. Na sa A + B + C a cikin baka biyu, na sake danna F5, sai ga 70.

Wannan kuskure ya yi makonni a littafina ban gan shi ba. Kwamfuta ta nuna mini shi a cikin minti ɗaya. Da a jarrabawa ya fito, da haka zan rubuta shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce gani ya kori ji.

Ba BASIC kaɗai ba

Tsofaffin manhajoji masu amfani suna da yawa. Akwai faya-fayan koyon buga rubutu da na koyon Turanci da lissafi waɗanda aka yi don Windows 98 ko Windows XP, kuma ba sa buƙatar data. Wasu suna aiki a sabuwar Windows ba tare da wata dabara ba, wasu kuma sai an yi musu kwamfutar ciki. Ita Windows XP ta fito a 2001, kuma da ram megabait 128 ma tana tafiya. Kamfanin Microsoft da kansa ya taɓa yin irin wannan: da ya fitar da Windows 7 a 2009, ya tanadar wa wasu nau'o'inta kwamfutar ciki mai XP, saboda ofisoshin da ba su iya rabuwa da tsofaffin manhajojinsu ba.

Koyon buga rubutu ba wasa ba ne gare mu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Wanda hannunsa bai saba da madannai da linzami ba zai ɓata lokacinsa yana lalube, ko da ya san amsa.

Akwai kuma wata hanya ta daban mai suna DOSBox. Bambancinsu shi ne, a kwamfutar ciki ƙwaƙwalwar kwamfuta ta gaske ce take yin aikin da kanta, amma DOSBox kwaikwayon tsohuwar ƙwaƙwalwar take yi gaba ɗaya. Ga QBasic duka biyun suna yi. Malam ya ce ya zaɓi VirtualBox ne don mu ga yadda ake zuba babbar manhaja tun daga farko.

A yi hattara

Malam ya ja mana kunne a kan abubuwa huɗu.

Kada a haɗa tsohuwar Windows da intanet. Microsoft ya daina yi wa XP gyaran tsaro a ranar 8 ga Afrilu, 2014, ya daina yi wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020. Manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka kamar rumbu ne da ba murfi. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a yi musu gyaran tsaro ba a ƙasashe sama da 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. A VirtualBox ana iya cire wa baƙuwa hanyar intanet gaba ɗaya.

Kada gayauna ta cinye gandu. Idan aka ba baƙuwa ram mai yawa, mai masaukin zai yi nauyi, komai ya tsaya.

Kada a ɗauka duk tsohon abu kyauta ne. FreeDOS da VirtualBox kyauta ne, amma Windows XP har yanzu kayan mai ita ce, sai da lasisi.

A ɗauki hoton yanayin baƙuwa tun tana lafiya. VirtualBox tana iya adana yadda take a yau. Idan wani ɗalibi ya goge wani abu gobe, sai a mayar da ita yadda take, ba sai an sake komai ba. Wannan ne ya sa Malam bai ji tsoron sakar mana ita ba. Wani abu kuma: idan linzami ya maƙale a cikin tagar baƙuwa, a danna Ctrl na hannun dama zai fito.

Roƙona

Ina roƙon shugabanninmu, idan akwai tsofaffin faya-fayan karatu a ofis ko a sito, kada a zubar da su kafin a gwada su ta wannan hanya. Ina kuma roƙon a ware mana ko da awa ɗaya a mako da za a tayar da janareta domin gwaji, a raba mu biyar-biyar. Ku kuma 'yan uwana, kowa ya zo da shirin da ya rubuta a littafinsa, ya gwada shi. Wataƙila kai ma akwai baka biyun da ka manta.

 

Daga wani ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.